Baffana Mai Akurki

Daga Allah muke, kuma can muka nufa, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Baffana, yayan mahaifina, ya rasu wata Talata da hantsi bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika da mutanen da rabonsu da taka ta ya fi shekara biyu.

Ni ina cikin gida tare da mata, amma na zaɓi zama a ɗakinsa, don tagar ɗakin tana kallon inda maza suka shimfiɗa tabarmi. Duk abin da aka faɗa a waje ya shigo kunnena. Shugaban ƙungiyar manoma ya ce Birnin Gwari ta yi rashin haziƙin da ba za a sake samun irinsa ba, har muryarsa tana rawa. Wannan bakin ne ya taɓa cewa a gaban jama'a kwamfuta ta taɓa wa tsohon kai. Wani ya ce marigayin gwani ne a gyaran waya, ya roƙi Allah ya saka masa da wayoyin da ya tayar. Baffa bai taɓa kwance waya ba a rayuwarsa, ko gilashin da ya fashe bai iya canzawa. Shekara goma sha wani abu suna zaune da mutum a gari ɗaya, ba su san ko sana'arsa ba, amma ga su suna rige-rigen ba da shaida.

A cikin gida ma haka. Gwaggo, ƙanwarsu, ta yi kukan da har sai da aka riƙe ta, ta share hawaye ta tambaye ni a kunne wa za a bar wa faifan solar da ke kan rufi. Ɗanta, taubashina, ya iso daga Kaduna cikin farar shadda, ya gaya wa duk wanda ya ba shi hannu cewa duk abin da ya sani a harkar na'ura a wurin Kawu ya koya. Zan dawo kansa.

Mutum biyu kaɗai na ji sun yi abin da ya dace da mamacin. Liman ya ce mutum ne mai wuyar sha'ani, amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Sai kuma maƙwabciyarsa, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a garin nan, wadda ta zo ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tun rana har inuwa ta juya.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. An binne shi sau ɗaya a ƙasa, ba na so a sake binne shi cikin yabon ƙarya.

Baffa ya yi aikinsa a Kaduna, a wani ofishi, tun zamanin da kwamfuta ɗaya ke cinye ɗaki guda. Shi ke rubuta manhaja, wato umarnin da na'ura ke bi ta yi aiki. Da ya yi ritaya ya dawo gida da akwatin littattafai da wata kwamfutar cinya da hawan jini. Abokan aikinsa sun ajiye karatu ranar da suka ajiye aiki, shi kuwa kullum yana bin abin da masu wannan sana'a ke yi a duniya, yana karantawa yana tsaki. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma a duk zuri'armu ni kaɗai yake yarda in taɓa kwamfutarsa, shi ma yana tsaye a kaina.

Ranar kasuwa yakan fito da kujerar roba ya zauna a inuwar shagon wani mai iri. Mutanen Tabanni da Kazage da suka kawo masara sukan miƙa masa waya wai ta yi nauyi. Ba ya karɓar ko sisi, amma sai ka biya da kunnenka. Yakan buɗe inda aka jera izinin da kowace manhaja ta karɓa, ya karanto wa mai wayar da ƙarfi, don na kusa ma su ji. Na taɓa ganin ya tsare wani dattijo mai rawani a kan wata manhajar tocila da ta nemi lambobin waya da hotuna da sanin inda mutum yake, dattijon kuma ya danna ya yarda.

“Alhaji, tocila me ya haɗa ta da lambar matarka?”

Dattijon ya ce shi dai an ce ya danna ne. Baffa ya ce da ma ya sani, a garin nan in aka ce mutum ya danna, ko kan maciji ne zai danna. Aka yi dariya, dattijon ya karɓi wayarsa ya tafi yana huci. Mako na zagayowa ya dawo da wayoyin 'ya'yansa uku.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ɗauka fitinar tsufa ce. A wurinmu kuwa, inda daji ya kewaye mu, abin da ke cikin waya maganar rai ce. In 'yan bindiga suka tare mota, wayarka suke fara karɓa. A ciki za su ga wane ne yayanka a birni, wace gona ce taka, wa ya turo maka saƙo jiya. Baffa yakan ce mutanenmu suna kashe kuɗi su sa ƙyauren ƙarfe a gida, sannan su zuba gidan gaba ɗaya cikin aljihu su hau mota.

Aikin da ya fi ba shi wahala, wanda kuma mutanen da ke kan tabarmar nan ba su san da shi ba, ya fara shi ne lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu. Watanni ba kira ba intanet. Mutane suka koma tura wa juna manhajoji daga waya zuwa waya, ko ta katin memori, ba wanda ya san daga inda abu ya fito ko hannun wa ya bi. Baffa yana da wasu ƙananan manhajoji da ya rubuta wa manoma, ɗaya tana auna yawan takin da fili zai ci, wata tana tuna ranar feshi. Damuwarsa biyu ce. Wayoyin mutane iri-iri ne, ga tsofaffin kwamfutocin makarantarmu, ba zai iya rubuta wa kowace na'ura tata daban ba. Sannan in manhajarsa ta bi hannu goma, wani zai iya cusa mata mugun abu, ta isa Kazage da sunansa tana satar bayanan mutane.

Ya gano cewa masu sana'ar sun fito da wata hanya ta harhaɗa manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowace na'ura, muddin akwai wata 'yar manhaja mai masauki da za ta karɓe ta. Abin da ya fi burge shi, baƙuwar manhajar ba ta magana kai tsaye da babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda ke riƙe da makullin fayiloli da kyamara da hanyar fita intanet. A killace take. Ba ta ganin komai sai abin da mai masaukin ya miƙa mata da hannunsa. Baffa ya zauna ya gina nasa mai masaukin don wayoyinmu, ya sa masa suna akurki. Ya ce kaza ce ka rufe, abin da ka watsa mata shi za ta ci, ba ta san hanyar rumbu ba.

Ni ya fara gwadawa a kaina. Ya sa na rubuta 'yar manhajar da za ta tara makin ɗalibaina. Na kwashe kwana huɗu a kanta, na kawo ina jin kaina. Ya jefa ta cikin akurki, ta tsaya cik, ta ce ba ta ga fayil ba. Na ce ga fayil ɗin nan a kwamfutar, ina ganin sa da idona. Ya ce ni nake gani, ita ba a ba ta ba. Ya buɗe mata folda guda ɗaya, ta karanta kawai ban da rubutu, sai ta tashi. Da ta zo buga kwanan wata ta sake tsayawa, domin ko agogo bai ba ta ba. Na ce Baffa wannan ai rowa ce, agogo ma sai an roƙa? Ya ce in manhaja tana bukatar agogo ta faɗa a ba ta, amma shi ba zai ba da abin da ba a nema ba, kuma ba zai ba da gida don an nemi ɗaki ba. Sai da ya ga raina ya ɓaci sannan ya ce lissafin nawa daidai ne. A wurin Baffa wannan shi ne iyakar yabo, kuma a shekaru da yawa sau biyu na samu.

Nas ɗin da na ambata ta fi kowa cin moriyar akurkin. A ɗan asibitin da take aiki akwai masu karɓar maganin da ba sa so a san suna karɓa, ga matan da aka sako daga daji, waɗanda ke zuwa da abin da ba za su iya gaya wa ko iyayensu ba. A littafi take rubuta ranar dawowar kowa, littafin kuma duk mai shara yana iya buɗawa. Ta zo wurin Baffa da tsoro, don ta san bakinsa. Bai yi mata ba'a ko ɗaya ba. Ya rubuta mata manhajar da ke tuna mata wanda ya kamata ya dawo, ya rufe ta a akurki, folda ɗaya tak, ba hanyar fita waje. Ta ce zai duba sunayen ya ga ko sun shiga daidai? Ya juya kujerarsa ya ba kwamfutar baya, ya ce ta shigar da su da kanta, shi ma ba a ba shi izini ba. Wasu daga cikin matan nan 'ya'yan mutanen da ke zaune a ƙofar gidansa ne ranar makoki. Ba su sani ba, kuma ba za su ji daga bakina ba.

Ba labarin waliyyi nake bayarwa ba. Baffa mutum ne mai raina hankalin jama'a, kuma ba ya ɓoyewa. Ɗansa ɗaya namiji ya bar garin nan ya koma Legas saboda duk abin da ya taɓa sai uban ya nuna masa inda ya yi wauta. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta taɓa ce mini ta shekara talatin da shi ba ta san abin da ke ba shi tsoro ba. In ka zo masa da magana yakan bari ka gama, sannan ya tambaye ka wa ya gaya maka, shi kuma wancan wa ya gaya masa, har sai ka ji kunyar buɗe bakinka. Gaskiyarsa tana da yawa, amma ya iya miƙa ta yadda ba mai iya haɗiyewa.

Wannan halin ne ya haɗu da taubashina.

Bayan layuka sun dawo, ana gab da damina, taubashin nawa ya zo gari a matsayin wakilin wani kamfani daga birni. Sun kawo manhajar rajistar manoma, wai duk wanda ya shiga zai sami taki da sauƙi. Taki ya yi tsadar da mutane suka fara tunanin barin masara su koma dawa, don haka ranar da aka kira taro a gaban ɗakin ajiyar ƙungiya, har daga Dogon Dawa an zo. Mahaifina shi ne sakataren ƙungiyar. Baffa kuma yana cikin kwamiti, an sa shi ne don a riƙa cewa akwai mai ilimi. Ni na je ne don in taimaka wa mata da rubutu.

Taubashina ya yi bayani da Hausa rabi Turanci rabi, yana shafa gilashin wata faffaɗar waya. Baffa ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya karanto abin da manhajar ke nema: lambobin da ke cikin waya duka, saƙonni, kyamara, da sanin inda mutum yake dare da rana. Ya kuma gano abin da ya fi wannan muni. Don ta yi aiki inda ba sabis, manhajar tana ajiye rajistar gunduma gaba ɗaya a wayar kowane wakilin ƙauye, sunan manomi da taswirar gonarsa da lambar ɗan'uwan da ya tsaya masa, ba tare da wani kulle na kirki ba. Wakilan nan kuwa a kan babur suke bin hanyar daji kullum.

Bai ce a kori kamfanin ba, ko da yake haka aka riƙa yaɗawa daga baya. Cewa ya yi su ba shi ɓangaren cike fom ɗin, ya sa shi a akurki, ya buɗe masa abin da rabon taki ke bukata, suna da gunduma da abin da mutum ke nomawa, kuma kowace waya ta riƙe na mai ita kaɗai. Ya ce aikin mako biyu ne, kyauta zai yi. Taubashina ya yi murmushin nan nasa, ya ce Kawu, manyan injiniyoyi ne suka gina wannan, ba a taɓa musu kaya. Ya buga waya a gabanmu, ya dawo ya ce ofis sun ce ko a karɓa yadda take ko a kai takin wata ƙaramar hukuma.

Nan taro ya juya. Shugaba ya yi maganarsa ta taɓin kai. Mahaifina, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa yayansa murya ba, ya miƙe.

“Yaya, taki muka zo nema, ba wa'azi ba. Kai fansho kake ci. Mu in ba mu noma ba me za mu ba iyali?”

Maganar Baba tana da gaskiya a ciki, kuma da Baffa ya amsa ta da hankali, wataƙila da an sami tsakiya. Amma ya dube shi daga sama har ƙasa, a gaban surukan Baba biyu da ke zaune, ya ce tun yana yaro haka yake, in baƙo ya nuna masa alewa sai ya buɗe masa ƙofar gida, ashe furfura ba ta ƙara masa komai ba. Baba ya zauna ya buɗe littafin taro ya rubuta cewa an amince. A zaman da ya biyo baya aka cire Baffa daga kwamiti, kuma tun daga ranar 'yan'uwan biyu ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. A masallaci ma kowa ya canza sahu.

Kada in tsame kaina. Mijina yana da gona a hanyar Tabanni, kuma ni da hannuna na sa masa manhajar, na danna na yarda sau biyar a jere. Na san abin da nake yi fiye da duk wanda ke wurin taron. Da Baffa ya tambaye ni, na ce masa ai kowa ya yi. Ya ce ya ɗauka ya koya wa mutum ɗaya a garin nan karatu, ashe ya yi kuskuren ƙirga. Wata biyu bai kira ni Uwata ba.

Takin ya zo bayan masara ta yi bunsuru, wato lokacin zuba shi ya wuce, kuma bai kai abin da aka yi alkawari ba. Kafin kaka aka tare ɗaya daga cikin wakilan a hanyar Dogon Dawa. Ya yi makonni a daji, aka sako shi da rai, ba waya ba babur. Da amfanin gona ya nuna sai kira ya fara shigowa daga daji. Wani manomi daga Kazage ya gaya mini mai kiran ya ambaci sunansa, ya ce gonarka ta bakin rafi, ya karanto masa lambar ƙanensa da ke Zariya, ya ce in yana so ya girbe sai ya zo an daidaita. Mutane da yawa sun bar masararsu a tsaye ta bushe. Mijina yana cikinsu.

Ba zan rantse cewa daga wayar nan bayanin ya fita ba. Masu kai rahoto daji suna nan a cikinmu tun kafin a san manhaja, kuma Baffa da kansa ya ce ba shi da hujja, ba zai faɗi abin da bai gani ba. Kamfanin ya ce ba daga wurinsa ba ne, ya rufe ɗan ofishinsa ya tafi. Taubashina ya ɓace na wani lokaci, sai ga shi ya ɓullo da sabon aiki. Yanzu yawo yake otal-otal yana koyar da ma'aikata yadda ake kare bayanan jama'a. Na ji har misalin kaza da rumbu yake bayarwa, ana tafa masa. Ranar makoki da ya leƙo ɗakin ya ce mini, cikin wasan taubasai, ko kwamfutar Kawu tana neman mai riƙo? Na ce masa tana nema, amma mai riƙo ba mai ɗauka ba. Ya yi dariya don mutane su ɗauka wasa ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda garin ya yi da Baffa bayan abin ya faru. Da sun zo sun ce ka yi gaskiya, da an wuce wurin. Sai suka ƙara ƙin sa. Wasu suka ce bakinsa ne ya jawo. Wasu har suka fara raɗe-raɗin yadda aka yi ya san abin da zai faru, kamar sai mutum ya haɗa baki da daji kafin ya san cewa abin da ke aljihu yana iya faɗawa hannun ɓarawo. Ya daina fita kasuwa. Duk da haka suna zuwa, ɗai-ɗai, ta ƙofar baya wajen garken awaki, da waya a naɗe cikin riga. Yakan karɓa ya goge abin da zai gogu, ya rufe abin da zai rufu, ya gaya wa mutum gaskiya cewa abin da ya riga ya fita ba shi da ikon dawo da shi. Shugaban ƙungiya ma ya aiko da tasa ta hannun matarsa. Baffa ya gyara ya mayar, ya ce a gaishe shi, a ce mai taɓin kai yana gaisuwa.

A kwanakinsa na ƙarshe nas ɗin ce ke zuwa auna shi safe da yamma. Ya ƙi a kai shi Kaduna, ya ce ba zai hau hanyar nan a kwance ba. Ya kira ni ya nuna mini yadda zan ci gaba da kula da akurkin, yana yi yana gyara mini kuskure da muryar da da ƙyar take fita. Manoma kaɗan ne suke amfani da shi har yanzu, da nas, da ni. Bai yi suna ba, ba kuma zai yi ba. Baba ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya a tsakar gida ya tambayi jiki daga bakin mata, ya juya.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai, da safe ina shirin tafiya makaranta, Baba ya yi sallama a gidana. Ba ya zuwa gidan 'ya'yansa mata sai da dalili. Na shimfiɗa masa darduma, muka gaisa. Sannan ya ciro wayarsa ya ajiye a gabana, ya ce in duba masa ita yadda Yaya yake yi.

Manhajar takin tana nan, shekara biyu bayan kamfanin ya tafi, da izininta duka a buɗe. Akwai wasu guda shida da ba ya ma san da su ba. Na fara karanta masa, a hankali, ba irin karatun kasuwa ba. Da na zo kan izinin ganin kiran da aka yi, ya ce bai gane ba, me za su gani a ciki? Sai na buɗe jerin kiran don in nuna masa.

Sunan Yaya ne a jere, da jan rubutu, alamar ba a ɗauka ba. Na ja ƙasa, yana nan. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, kira ɗaya. Na yi ta ja har inda wayar ta daina ajiyewa, ban ga Juma'ar da ya tsallake ba, ban kuma ga wadda aka ɗauka ba. Na ƙarshen ya shigo ne yana kwance, kwana huɗu kafin ya cika.

Na ɗago na dubi mahaifina. Ya ce tun makon da aka fara kiran mutane daga daji Yaya ya fara bugowa.

“Na ɗauka so yake ya ce mini ai ya faɗa.”

Na ce wataƙila haka ne, Baba, ka san halinsa. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Duk garin nan ba wanda ya san abin da Baffa yake so ya ce, kuma mutum ɗaya da aka ba damar ya ji bai ɗauka ba.

Na goge manhajojin bakwai. Na tambaye shi ko in share jerin kiran ma, tunda duk wanda ya ɗauki wayar zai gani. Ya karɓe ta daga hannuna da sauri, ya sa a aljihu, ya ce wannan a bar masa.

Allah ka jiƙan Baffa, ka yafe masa kaifin harshensa, ka sa abin da ya rufa wa bayinka asiri ya zama rufin asirinsa. Mu da muka rage kuma, ka ba mu kunyar da za ta hana mu yabon mutum da bakin da muka ci namansa.